Ƙaramar Ƙwaya da Kunun Kanwa

Tun kafin Murjanatu ta haihu jikinta ya fara mutuwa, amma kowa ya ce laulayin ciki ne. Ta sauka lafiya, aka raɗa wa yaro Mahdi, abu kuwa ya ƙi tafiya. Fuska ta kumbura, murya ta dushe, gashi yana biyo mataji, tana rawar sanyi ana tsakiyar bazara. Ga kuka ba dalili. Sai tana ba yaro nono hawaye na ɗiga masa a ka.

Mijinta Harisu, mai fataucin raguna tsakanin Mai'adua da Kongolam, ya ɗauke ta a babur ran da ba kasuwa ya kai ta asibiti a Daura. Aka ɗebi jini aka auna. Likita ta ce mata akwai wata 'yar tsoka a wuya, ita ce in ta kumbura ake kira maƙoƙo, to tata ta yi sanyi, ba ta ba jiki abin da ke tafiyar da shi. Jininta ma ya yi ƙasa. Yawan kukan ma da hannun ciwon a ciki. Ta ba ta ƙwaya iri biyu. Ƙaramar fara da asuba, da ruwa zalla, ciki ba komai, kuma kada a ci komai sai hantsi ya fara. Jar ta ƙarin jini sai da yamma. Ta ja mata kunne kada a haɗa su, kada kuma a kora ƙaramar da kunun kanwa ko nono, don hana ta shiga jiki suke yi.

Duk wannan bayani Harisu yana waje, yana cinikin wani rago ta waya. A hanya ta so ta maimaita masa, ya ce magani dai ai magani ne, a sha kawai.

Da yake mahaifiyar Murjanatu ta rasu, Goggo Zinariya ce ta zo daga Mashi yi mata wankan jego. Ita ta goyi Harisu, don haka maganarta a gidan ba ta faɗuwa ƙasa. Mace ce mai aiki, ba a raba ta da wannan. Kafin gari ya waye ruwa ya tafasa, ta fyaɗe mai jego da ganye, ta dama kunun kanwa mai kauri. Sai dai wata rana ta ji Murjanatu na faɗa wa bango cewa ita da za ta mutu da ta huta. Daga ranar Goggo ta ƙwace magungunan ta ƙulle a haɓar zanenta, wai kada yarinya ta haɗiye su duka ta ja musu abin faɗa.

Kullum da safe sai ta kwance, ta zuba mata fara da ja a tafi, ta dangwara mata kwanon kunu.

Murjanatu ta ce likita ta hana. Da ƙyar maganar ke fita, kalma ɗaya sai ta jira 'yar'uwarta.

"Wace likitar?" in ji Goggo. "Ta taɓa haihuwa? Mai jego ta sha ƙwaya ciki wayam, so kike ki faɗi a ce ni na kashe ki? Shanye, ke 'yar nan. Kunun nan shi ya raya uwarki."

Ta shanye. Haka aka yi ta yi har arba'in ta wuce, Goggo ta ce ba ta tafiya ta bar jikanta hannun gawa, kunu ma ba a daina ba. Murjanatu kuwa sai abin da ya ci gaba. Takan yi barci a zaune yaro na tsala ihu a cinyarta. Nono ya ja baya. Goggo ta sa mata suna Buhu, har maƙwabta suka ɗauka. In mata sun shigo barka, sai ta ɗaga musu hannun Murjanatu ta saki ya faɗi, ta ce su duba abin da Harisu ya kwaso da kuɗinsa. Ana dariya, ita tana jin su, amsar na cikin kanta amma ba ta iso baki sai sun tafi.

Ta taɓa samun Harisu shi kaɗai ta roƙe shi ya karɓo mata ƙaramar ƙwayar kawai. Ya dube ta irin duban da yake yi wa tunkiyar da aka ɓoye masa aibinta. Ya ce an kai ta asibiti, an saya, tana sha, me kuma ya rage? In magani bai yi aiki ba, ai ba ciwo ba ne, hali ne.

Goggo ce ta kawo shawarar a kai yaron Mashi wurin 'yarta Ummukulsum da ke shayarwa, ita kuwa uwar a mai da ta gidan ubanta ta huta. Aka tambayi Murjanatu a gaban manya ko tana da magana. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta buɗe baki gaban surukai ta ce tana son abinta. Ta sunkuyar da kai. Goggo ta ce to kun gani, ko a jikinta.

Da za su rabu Goggo ta kwance haɓar zane ta watsa mata sauran ƙwayoyin a cinya.

A gidan ubanta a Daura ba mai dama mata kunun kanwa. Da asuba ta sha ƙarama da ruwa, da yamma ja. Ta koma asibiti aka sake aunawa aka ƙara mata ƙarfin ƙwayar. Kafin a cire amfanin gona kumburi ya saɓe, murya ta dawo, ta fara jin haushi, wanda rabonta da shi tun tana da ciki. Kukan dai bai tafi duka ba, amma yanzu ta san abin da take yi wa kuka.

Ran da Harisu ya zo ya tarar da ita tana daka, taɓarya na tashi sama. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna ta yi masa bayani tiryan-tiryan, na ƙwaya da na kanwa, irin bayanin da da ba ta iya haɗawa. Sannan ta cire kunya ta ce a dawo mata da yaron.

Ya ƙare mata kallo tun daga kai har ƙafa, ya yi 'yar dariya.

"Wallahi Goggo ta faɗa. Ta ce ran da aka sauke miki shi, ran nan za ki miƙe. Da yaro kina mutuwa, ba yaro kin yi fes. To me zai sa a mai do miki da ciwonki?"

Ta ce ba haka ba ne, ya zo su je wurin likitar ya ji da kunnensa. Ya ce gobe kasuwar Mai'adua. Ya ce ita dai ta haɗa kayanta ta koma ɗakinta, tunda yanzu tana iya girki. Yaro kuwa ya yi ƙiba, ya saba da Ummukulsum, ba mai taɓa shi. Ya ƙara da tambayar ko ma akwai sauran nono a jikinta. Babu, ya kuma sani.

Ya tada babur ya tafi. Washegari da asuba Murjanatu ta daɗe da ƙaramar ƙwayar a tafin hannunta, sannan ta ɗebo ruwa a randa ta haɗiye ta.