Baƙin Ciyaman Uwaisu

Ɗakin taron Tudun Gawo ba gwamnati ce ta gina shi ba. Mutanen gari ne suka gaji da zaman gindin tsamiya duk ranar da masu allurar rigakafi suka zo, ko za a raba takin zamani, ko za a sasanta manomi da makiyayi, suka ce su ma a yi musu inuwa mai ƙofa. Da kaka kowane gida ya kawo damin dawa, aka zuba a rumbu guda, aka jira ta yi tsada aka sayar. Tubali kuwa da gayya aka buga shi. Aka kafa kwamiti wanda ba a biyan kowa ko sisi, aka ɗora Uwaisu a kai, don ya yi fataucin gyaɗa a ƙuruciyarsa, ya san yadda ake shiga zauren manya. Tun daga nan sunansa ya ɓace, sai Ciyaman.

Filin kuma Shago ne ya yanka daga gonarsa ta gado. Shago shi ne babba a Kan Rafi, unguwar da ke gabas da gari. Kakanninsu ne suka riga kowa sare dajin nan, yanzu yawancinsu coci suke zuwa. Shi da Uwaisu tare suka yi kiwon awaki suna yara, har furfura ta kama su ba su bar tsokanar juna ba. In Uwaisu ya ce masa, "Tsoho, yaushe za ka zo mu yi salla?" sai Shago ya ce, "Ranar da ka dawo mini da akuyar babana da ka ɓatar."

To, gini ya kai kai, kuɗin dawa ya ƙare, ba rufi. Uwaisu ya sa babbar riga ya tafi Kano wurin Alhaji Kamaruddeen, mai sayar da kayan gini, wanda mahaifiyarsa 'yar Tudun Gawo ce. Ya yi ta zarya har Alhaji ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Ranar zuwansa aka ɗauko hayar lasifika daga Bici, aka share fili, aka yayyafa ruwa. Alhaji na zama sai ga matan Kan Rafi sun ɓullo a jere da tuluna a ka, suna waƙa, Dokas matar Shago a gaba tana ba da baiti suna amsawa. Alhaji ya tsura musu ido. Can ya karkato ya ce, "Ciyaman, waɗannan fa su wane ne?"

Nan fa tsohon falke ya yi lissafi irin na kasuwa. Ya dubi carbin da ke hannun Alhaji, ya dubi tabon salla a goshinsa, ya dubi matan ba mayafi, ya dubi ginin da ke tsaye baki buɗe. Zuciyarsa ta ce masa, in mutumin nan ya ji da su za a riƙa zama a ɗakin, kwanon rufi ya tafi. Sai ya sunkuya ya ce a hankali, "Baƙinmu ne, Alhaji. Sun zo taya mu murna ne kawai."

Ya manta abin maganar lasifika yana hannunsa, daidai ƙirji. Maganar ta fita ta saman tsamiya har ɗan tsako ya ji. Waƙa ta ɗan yanke, sannan Dokas ta ɗora daga inda ta tsaya. Shago yana zaune a sahun gaba, a kan ƙasar da ubansa ya noma. Ya cire hularsa ya leƙa cikinta kamar mai neman wani abu, ya mayar.

Alhaji ya yi alkawari, ya kuma cika. Ba a yi mako ba mota ta sauke kwano da katako. Direban na shirin juyawa ya ce, "Af, Ciyaman, Alhaji ya ce a gaida masa tsohuwar nan mai ba da waƙa. Wai irin waƙar da mahaifiyarsa ke yi ce in tana niƙa, shi ya sa ya tambaya. Ya so ya je ya gaishe su, da ka ce baƙi ne sai ya ji nauyi."

Uwaisu ya ce, "Za su ji." Bai kai saƙon ba. Da wane baki?

Kafinta ya buga kwano, saura yaɓe da makuba, kuma ga bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa rai. Ginin ƙasa in ruwan farko ya same shi tsirara, sai dai a sake sabon lale. Makuba da ɓawon ɗorawa ake yin ta, ɗorawar yankin kuwa kusan duk a gonakin Kan Rafi take. Rijiyoyin gari sun ja baya, ruwan kwaɓi ma jakunan Kan Rafi ke kawo shi daga rafi. Uwaisu ya sa aka yi shelar gayya, yana ta addu'a a ce an manta.

Da hantsi sai ga su. Maza da riguna masu guga, mata da zannuwan zuwa coci, ba jaki, ba tulu, ba buhun ɓawo. Shago a gaba da sandarsa. Ya tsaya bakin fili ya yi sallama da ƙarfi.

"Salamu alaikum, masu gida! Ko akwai tabarma?"

Uwaisu ya taho, ƙafafunsa duk laka. "Haba tsoho, wane irin wasa ne wannan?"

"Wasa? Mun ji ana aiki, muka ce bari mu zo taya ku murna." Ya waiwaya. "Dokas, ku zauna, kada ku taɓa musu kaya, garin mutane ne."

Aka shimfiɗa tabarmi, don ba yadda za a yi. Suka zauna a inuwar sabon kwano, suka miƙe ƙafa. Shago ya yi gyaran murya ya ce, "Ciyaman, a nan garin ba a ba baƙo ruwa ne?"

Samarin gari da ke kwaɓi suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ba wanda ya motsa, kowa ya san ruwan nan na wanda ya jawo shi ne. Uwaisu da kansa ya ɗebo a kwanon sha daga ɗan abin da ya rage, ya durƙusa ya miƙa. Shago ya sha, ya ce, "Madalla. Gininku ya yi kyau. Filin wa kuka samu?"

Uwaisu ya so ƙasa ta tsage. Kafin azahar ruwan kwaɓi ya ƙare, ko rabin bango ɗaya ba a yaɓe ba. Baƙi suka tashi suka kakkaɓe riguna, suka yi godiya, suka ce a gaida mutanen gida.

A gida ma bai samu sauƙi ba. Furera matarsa ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, ranar da na haifi Najib, wa ya kwana yana riƙe da ni kafin a sami mota? Ba Dokas ba? Yau na hange ta a hanya, na ɓuya bayan dangar mutane kamar ɓarauniya."

"Don garin na yi."

"Garin wa?"

Bai ci tuwon ba.

Kwana biyu bayan haka aka yi yayyafi mai iska. Da safe ya je ya tarar bangon gabas ya zaizaye daga ƙasa, tubali ya fito fili, hannu na shiga. Daga nan bai koma gida ba, ya miƙe Kan Rafi. Ya sami Shago a gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya, buhunan ɓawo jingine a bayansa, an tara an ɗaure. Uwaisu ya tsuguna, ya yi gaisuwa har ta ƙare, ya sake wata.

"Shago, na yi kuskure. Tsoro na ji kada kwano ya kuɓuce. Ka yi haƙuri."

Shago bai ɗago ba. "Ni na haƙura tun ranar. Na san ka, ko akuyar ma tsoro ne ya sa ka ce kura ce." Ya buga ƙotar a ƙasa. "Amma jikata Praise ta tambaye ni, wai Kaka, in mu baƙi ne, ina ne garinmu? Ita a lasifika ta ji. Yanzu kai ka zo gindin bishiya kana raɗa."

"An mayar da lasifikar Bici."

"To."

Shago ya ci gaba da aikinsa. Uwaisu ya jima a tsugune, ya ga ba ƙari, ya tashi.

Washegari kasuwar Tudun Gawo ke ci. Lasifikar da ke cikinta guda ce, ta Sama'ilu mai maganin basir, wadda yake ɗaurewa a bayan babur. Uwaisu ya zagaya babur ɗin ya wuce, ya sayi goron da ba ya bukata, ya dawo. Ya dubi gabas, ta yi baƙi. Ya ce, "Sama'ilu, ara mini abin nan."

Sama'ilu bai sauke daga bakinsa ba ya ce, "Jama'a, ga Ciyaman da kansa zai ba da shaida! Ya sha ya warke!"

Kasuwa ta kwashe da dariya, mahauta har da buga wuƙa a teburi. Uwaisu ya karɓa. Mutumin da ya yi ciniki da Yarabawa da Inyamurai bai taɓa inda-inda ba, yau harshe ya yi masa nauyi.

"Ni ne Uwaisu," ya ce. "Ranar da Alhaji ya zo na ce mutanen Kan Rafi baƙi ne. Ƙarya na yi. Filin ɗakin taro na Shago ne. Kakana da ya zo garin nan, a wurin kakansa ya roƙi wurin kafa bukka. Alhaji ma bai ƙi su ba, cewa ya yi a gaida Dokas, na riƙe saƙon don kunya. Ni na ji tsoro, ni na faɗa."

Can daga rumfar masu daddawa aka ji muryar Shago: "Ciyaman, ƙara! 'Yan awaki ba su ji ba!"

Ya maimaita, tun daga sunansa.

Washegari da sassafe jakunan Kan Rafi suka fara sauke ruwa. Aka jiƙa ɓawo, aka kwaɓa, aka cike inda ruwa ya ci, sai dai gurbin bai ɓace ba, har yau in ka zagaya gabas za ka ga facin. Ba wanda ya tayar da maganar jiya, wannan kuwa ya fi yi wa Uwaisu zafi. Ya naɗe wando ya shiga laka tare da samari, ya ƙi fita, ya ƙi ɗaga ido.

Da rana ta take ƙishi ya kama shi. Dokas ta zo wucewa da tulu ta dire kusa da shi. Ya miƙa hannu yana jiran ta zuba masa. Ta dube shi, ta tura masa moɗa da ƙafa.

"Ɗiba da kanka, Ciyaman," ta ce. "Nan babu baƙo."