Koren Katin Mista Haugen

Na daɗe ina aiki a teburin karɓar kuɗi na kantin abincin garinmu, can arewacin Minnesota. A cikin masu zuwa sayayya babu waɗanda nake son gani kamar Orval Haugen da matarsa Wilma. Orval tsohon direban motar makaranta ne, ƙato mai ƙarar murya, bakinsa ba ya rabuwa da alewar na'a-na'a. Wilma kuwa siririya ce, ba ta ɗaga murya, amma ba a kayar da ita a gardama. Tun da na san su gardamarsu ɗaya ce: da katin bashin wa za a biya.

Katin Wilma shuɗi ne. Duk abin da ta saya, burodi ne ko tayar mota, banki yana mayar mata da biyu cikin ɗari. Na Orval kore ne, yana mayar da biyar cikin ɗari, amma a kan kaya iri ɗaya kawai, kuma banki na sauya irin kayan duk bayan wata uku. Wannan zangon fetur, na gaba kayan abinci, na bayansa gidajen cin abinci. Sauran kaya ɗaya cikin ɗari kacal. Kuma sai mutum ya buga waya a farkon kowane zango ya ce a buɗe masa, in ya manta ya yi asara.

"Biyar ta fi biyu, tsohuwa," in ji Orval kullum. "Ko jikanmu ya san wannan."

"Biyar a kan me?" Wilma za ta ce. "Darlene, tambaye shi naman da ya cika firiza da shi bara don kati ya ce a sayi abinci. Wa ya cinye?"

"Mu muka ci mana!"

"Karen maƙwabta dai ya ci."

In zangon kayan abinci ya zo, Wilma ta san koren ne ya fi riba, amma sai ta miƙa shuɗinta don tsokana. Shi kuma ya sa ƙaton tafin hannunsa ya rufe na'urar katin, ya ce, "Ba a wannan zangon ba." Sannan ta yi tsaki ta bar shi ya biya.

A watan Maris Orval ya faɗi yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, kafin motar asibiti ta iso ya cika. Muka yi masa addu'a a coci, muka yi ta kai wa Wilma abinci har ta ce mu tsaya haka.

Ta dawo kantin a farkon Afrilu, da hantsi, rana tana shigowa ta gilashi. Kayanta kaɗan ne, madara da ƙwai da gwangwanin miya. Na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta saka shuɗin katinta a na'ura. Na'urar ta ƙi karɓa. Na ce ta goge shi a rigarta ta sake. Ta sake, wannan karon ina kallon fuskar na'urar, sai na ga haskenta ya dusashe, kamar an kare ta daga rana. Babu kowa a layin sai mu biyu. Hancina kuma ya cika da ƙanshin na'a-na'a.

Wilma ta ɗan juya kanta hagu, inda Orval ya saba tsayawa. Ta buɗe jakarta ta lalubo wani koren kati daga can ƙasa, sabo fil. Ashe asusun da sunansu su biyu ne, an ba ta nata katin tuntuni, ba ta taɓa amfani da shi ba. Tana sakawa na'urar ta karɓa.

"Wane zango ake ciki?" ta tambaye ni.

"Na kayan abinci, Misis Haugen. Tun ɗaya ga wata."

"To, ai ba a buɗe ba. Ni ban san yadda ake yi ba."

Ta ciro wayarta ta kira lambar da ke bayan katin, ta sa muryar a fili don kunnenta ba ya ji sosai. Wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta duba, ta ce an riga an buɗe zangon ranar ɗaya ga wata da safe, daga wayar gidansu, kuma wanda ya kira ya faɗi kalmar sirri daidai.

"Wa ya kira?" in ji Wilma.

"Mai asusun, Mista Haugen."

Wilma ta yi godiya ta kashe wayar. Ta ce min a lokacin tana kicin tana haɗa kofi, wayar gidan kuwa tana zaure, taku kaɗan daga inda take. Kalmar sirrin ma ba ta taɓa saninta ba. Ta ɗauki ledarta ta fita, ni kuma ban lura wani ya zo layi ba sai da aka taɓa ni.

Haka abin ya ci gaba duk mako. Manajanmu ya ce na'urar ce ta tsufa, ya sa aka kawo sabuwa, ba ta sauya komai ba. A gidan mai da kantin magani shuɗin yana aiki lafiya. 'Yarta Gwen ta zo daga Duluth, ta ce min a ɓoye mamarta ce ta buga wayar da kanta ta manta, ta kai ta wurin likita. Likitan ya ce ƙwaƙwalwarta garau take. Gwen ta so a rufe asusun, Wilma ta ce sai dai bayan ranta.

Da Yuli ya kama, zango ya koma gidajen cin abinci. Shuɗin katin ya dawo aiki a wurina, ƙanshin ma ya daina zuwa. Ban gama murna ba sai Connie, mai kai abinci a ɗan gidan cin abincin da ke kusa da gidan waya, ta shigo fuskarta ba daɗi, ta tambaye ni ko na'urarmu ta taɓa yin duhu da rana tsaka. Wilma da a da take cewa cin abinci a waje ɓarnar kuɗi ne, yanzu kullum tana can da azahar.

Ranar hutuna na je na same ta. Tana zaune a tebur mai kujera biyu kusa da taga, ta ɗora jakarta a cinya don kada ta tare ɗaya kujerar. Na jawo wata daga gefe na zauna.

"Misis Haugen, ba kya jin tsoro?"

"Ina ji mana, 'yata. Duk lokacin da hasken nan ya dusashe."

"To, me ya sa ba za ki miƙa koren kai tsaye ba? Ai kin san wanda zai shiga."

Ta juya cokali a kofi. "Na gwada sau ɗaya. Ya shiga lafiya, babu abin da ya faru. In na yarda da shi ba ya zuwa. Sai na yi masa gardama." Ta ɗan yi murmushi. "Kuma har gobe ni ce da gaskiya. Dubi abin da yake sa ni kashewa a kan soyayyen kifi."

Da Connie ta kawo na'urar sai na kawar da kai. Amma na ji kujerar da babu kowa a kanta ta yi ƙara, irin ƙarar da katako ke yi in mai nauyi ya miƙe.

A watan Oktoba zango ya sake faɗowa kan kayan abinci. Wilma ta shigo sanye da kwat ɗinta mai kyau, wanda take zuwa coci da shi, ta gyara gashinta. Ta cika kwando har da abin da ba ta ci. Ta ciro shuɗin katin, ta ɗan kalli hagu, ta saka.

Na'urar ta karɓa nan take, haskenta tar.

"Soke shi," in ji ta. "Kuskure ne. Soke mu sake."

Na soke, ta sake sakawa, na'urar ta sake karɓa. Layi ya fara tsawo, amma duk sun san ta, babu wanda ya yi ƙorafi. Ta kira bankin. Aka ce mata wannan zangon babu wanda ya buɗe, in tana so ta faɗi kalmar sirri a buɗe mata yanzu. Ta kashe wayar.

"Bai taɓa mantawa ba," ta ce, ba da ni take ba. Ta fita ta bar kayan a kan teburin.

Da na tashi aiki da la'asar na kai mata su gida. Na same ta a zaure, kwat ɗin har yanzu a jikinta, tana zaune a kujera kusa da wayar gidan. Na jera kayan a firji, na yi mata sallama, ba ta juyo ba.

Kafin Kirsimeti ta yarda ta koma Duluth wurin Gwen, da sharaɗi ɗaya: kada a yanke layin wayar gidan har sai an sayar da shi. Gwen ta yarda don a zauna lafiya. An kwashe komai, har labule, aka kulle ƙofa, Gwen ta tafi da makullan.

Ranar biyu ga Janairu, washegarin shigowar sabon zango, na bi ta layinsu da safe zan je aiki. Dusar ƙanƙarar ƙofar gidan sumul take, babu sawun kowa. Na leƙa ta taga. Wayar tana nan a tsakiyar zaure a ƙasa, inda aka bar ta, amma an ɗaga kan wayar an ajiye a gefe. Na koma mota na tafi aiki. Na yi niyyar kiran Wilma in gaya mata, na ɗauki waya, sai na fasa, kuma har yau ban gaya mata ba.