Sunan Baba a Littafin Dawa

Wayar Maijidda ta koma kamar kasuwar Ɗambatta ranar da take ci. Hoton zangarniyar kaura na manne da hoton amarya, muryar manomi mai bayanin ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, na bin bayan wa'azin da aka turo mata, ga takardun makaranta da ta ɗauka da kyamara, wasu a karkace, wasu kai a ƙasa. Shekararta ta ƙarshe ke nan a kwalejin aikin gona, kuma bincikenta a kan irin dawa ne, wanda manoman Gidan Marke suke ajiyewa da kansu tun kaka da kakanni. A ƙauyen take aure, inda gona ke jingine da gona, ba ka samun filin shanya zane sai da mai shi.

Ranar da ta kai wa malamarta, Malama Aina'u, babi na farko, sai malamar ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce, "Wa ya faɗi wannan?"

Maijidda ta shiga lalube a waya. Ta kunna wannan murya, kukan akuya. Ta kunna waccan, ƙanwarta ce ke neman aron mayafi. 

"Haba Maijidda! Wannan ai ba bincike ba ne, shara ce," in ji malamar. "Kawo kwamfutarki."

Nan take ta sa mata wata manhaja ta adana takardu, ta nuna mata yadda ake yi. Duk abin da ya shigo, murya ce ko hoto ko rubutu, sai a liƙa masa alama: sunan mai magana, unguwarsa, ranar da aka yi hirar, da irin dawar da ake zance a kai. Shi ke nan. Aikin ya ci mata makonni, tana yi tana tsaki, kwamfutar na zuwa shagon caji tana dawowa a bayan babur ɗin mijinta Zubair. Amma da ta gama, kai, abin sai wanda ya gani. Ta rubuta "farafara", duk wanda ya taɓa ambaton farafara ya fito a jere. Ta rubuta "taki", ga su nan. Jimlar da ta ɗauko daga bakin mutum kuwa tana ɗaure da muryarsa, da ta taɓa sai ya yi magana.

A cikin duk waɗanda ta yi hira da su babu kamar surukinta, mahaifin Zubair. Sunansa Dabo. Ni dai na faɗa, tunda ba surukina ba ne. Tsoho ne tukuf, yanar ido ta rufe masa gani, sa'o'insa duk sun riga shi, amma ka miƙa masa zangarniya ya shafa, zai gaya maka gonar da ta fito. Yana da wata jar kaura da ya gada daga mahaifinsa, wadda yake zaɓen irinta tun tana tsaye a gona, ya ɗaure zangarniyar da kaba don kada masu girbi su haɗa ta da sauran. Da farko ya ƙi yin magana a gaban waya. Sai da ya tambaya, "'Yata, wannan littafin, za a sa sunan mutum a ciki?"

"Za a sa, Baba."

"To kunna."

Daga ranar bakinsa ya buɗe. Abin da yake so ke nan a duniya, kuma bai ɓoye ba: in ƙasa ta rufe masa ido, a san wanda ya riƙe jar kaurar nan.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da Maijidda ta zo liƙa alama a kan muryoyinsa, hannunta ya tsaya a gurbin suna. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta sunan nan ba. Ko wani Dabon daban ta gamu da shi, mai sunan Baba take ce masa. Yanzu a ce ta zauna ta jera haruffansa da yatsunta? Ina! Ta rubuta "Baba", ta wuce.

Manhaja ba ta san kunya ba, abin da ka ba ta shi take riƙewa. Da aka zo fitar da jerin mutanen da aka yi hira da su, sai ga kowa da sunansa da na mahaifinsa, ga kuma "Baba" tsirara a tsakiya. Malama Aina'u ta zagaye shi da jan biro.

"Baban wa? Ko ki sa cikakken suna, ko ki ce wani dattijo, kamar waɗanda suka ce a sakaya su."

Maijidda ta ji sanyi a ranta, don an ba ta ƙofar fita. Ta zaɓi wani dattijo. A ganinta ladabi ta yi.

Aka buga gwajin littafin a Ɗambatta, Zubair ya taho da shi a cikin leda. Tun kafin ya iso gida ya tsaya a majalisar bakin masallaci, aka karɓa ana juyawa. Akwai wani maƙwabcinsu, Ɗanliti, wanda bai fi shekara biyar ba da ya zo ya durƙusa ya roƙi irin jar kaura wurin tsohon. Hira ɗaya tak Maijidda ta yi da shi, amma ga sunansa ɓaro-ɓaro a shafi. Ɗanliti kuwa dama abin nema ya samu. Kafin la'asar har masu tallan ƙosai sun ji cewa boko ta san da zamansa.

Malam Dabo ya sa aka kira masa ɗansa a zaure.

"Zubairu, an ce an sa Ɗanliti. Duba mini nawa."

Zubair ya buɗe. Ya juya gaba, ya juya baya, ya lashi yatsa ya sake juyawa. Tsohon na jin ƙarar takarda, ya karkata kunne yana jira.

"Baba, maganganunka duk ga su nan. Ga zancen kabar nan ma."

"Ba maganata na tambaye ka ba."

Zubair ya sake juya shafi.

"Me aka rubuta a wurin?" in ji tsohon.

"An ce... wani dattijo."

"Wani dattijo," in ji tsohon. Ya gyaɗa kai. "Madalla. Tashi ka tafi."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Washegari Maijidda ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da "lafiya" ɗaya, babu 'yata, babu tambayar karatu. Tuwon da ta kai masa ya dawo an ɗan taɓa gefe. Abin ya dame ta ƙwarai, don tana ƙaunar tsohon nan kamar mahaifinta, kuma ta san ita ta yi masa alkawari da bakinta.

"Ni fa girmama shi na yi," ta ce wa Zubair, hawaye na zuba.

"Na sani. Shi kuma gani yake kin ɗauki irinsa kin ba Ɗanliti. Jibi za a ɗinke littafin, in za ki gyara ki gyara."

Gyaran ma ai ba wasa ba ne. Wani dattijo ya fi a ƙirga a littafin, kuma ba duka ne shi ba, akwai tsofaffin da suka ce kada a ambace su. In da a zamanin wayar nan mai kama da kasuwa ne, ko wata guda aka ba ta ba ta rarrabe su. Da hantsi, bayan ta gama wanke-wanke, ta ɗora kwamfutar a kan turmi ta taɓa alamar "Baba". Komai nasa ya fito: muryoyinsa, hotunan hannunsa riƙe da zangarniya, da kowane layi na littafin da aka ɗauko daga bakinsa, shafi bayan shafi. Ta yi ta gangarawa abin bai ƙare ba. Sai a lokacin ta ga cewa fiye da rabin littafin nasa ne. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta saba ji ba.

Ta waiga dama, ta waiga hagu, ba kowa sai kaji. Ta goge "Baba", ta rubuta sunan da yatsa ɗaya, tana yi tana istigfari kamar mai sata. Sannan ta bi layukan da manhajar ta jero mata ɗaya bayan ɗaya, ta gyara nasa, ta bar na sauran tsofaffin yadda suke. Kafin azahar ta gama.

Da sabon bugun ya iso, Zubair ya kai zaure da murnarsa.

"Baba, an gyara. Ga shi nan, har ya fi na kowa yawa."

"Kai dai mijinta ne, dole ka rufa mata asiri. Ni ba ido gare ni ba, ko takardar tsire ka kawo ka ce da sunana, ai sai in ce to. Wadda ta rubuta ita za ta karanta. Kira ta."

Maijidda ta shigo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Zubair ya miƙa mata littafin ya sulale waje, don shi ma ba ya son ya ji da kunnensa. Ta buɗe babin jar kaura, ta fara karantawa tana mayarwa daga Turanci zuwa Hausa.

"Wannan iri ana zaɓensa ne tun yana tsaye a gona, kamar yadda..."

Ta tsaya.

"Kamar yadda wa?"

"Kamar yadda... Baba ya bayyana."

"Haka aka rubuta? Baba?"

"A'a."

"To ashe dai babu." Ya fara laluben sandarsa. "Ba komai. Je ki, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa."

Ta ga da gaske tashi zai yi, kuma in ya tashi an gama, ko duk malaman Kano suka rantse masa ba zai yarda ba. Ta runtse ido.

"Kamar yadda Malam Dabo na Gidan Marke ya bayyana."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta jira tsawa, ko salati, ko dai wani abu. Ba ta ji komai ba. Da ta buɗe ido, tsohon ya saki sandar, bakinsa na motsi, ruwa na bin ramukan kumatunsa.

"Rabona da in ji an kira ni da sunan nan tun rasuwar yayana," ya ce. "Kowa Baba, kowa Baba. Har na fara zaton da shi aka binne shi."

Ya share fuska da hannun riga, ya gyara zama, ya juyo da kunnensa mai ji sosai wajenta.

"A wuri nawa ya fito, 'yata?"

"Da yawa, Baba."

"To koma farko. Kada ki tsallake ko ɗaya."