Idon Ɗan Fari

Ranar Laraba, kwana huɗu da haihuwa, Zayyad ya ɗaure kan bijimi da ƙafafuwansa a bayan babur, kayan ƙaurin mai jego, ya bar Maigatari ya nufi Ɗanzomo. Can matarsa Lauratu ta je goyon ciki gidan iyayenta, can kuma ta sauka, ɗa namiji. Har ranar bai sa yaron a ido ba, ba kuma wanda ya sa ran zai tambaya. Ɗan fari ne. Mutum ba ya ɗaukarsa a gaban surukai, ba ya leƙa fuskarsa, ko zancensa ba ya yi.

Ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ya tsuguna. Surukarsa Baraka ta amsa gaisuwa daga bayan katanga, a taƙaice, yadda ya kamata. Wadda ta fito ita ce Kyauta, kakar Lauratu, tsohuwar ungozomar da ta yanke cibin rabin unguwar.

"Au, mijina ne? Wannan kan sa ne ko na ɗan akuya? Rowa dai ta yi maka katutu."

"Ke dai karɓi, tsohuwa. Da wane haƙori za ki ci?"

"Da dasashi zan ci, in aika maka da ƙashin." Ta juya kan tana duba shi, sannan ta ce, kamar ba komai ba, "Ɗan naka kuwa ya ƙi buɗe ido ya ga munin ubansa. Tun jiya suka kumbura, sai kwantsa. Zafi ne. Muna ɗiga masa nono."

"Kwantsa wace iri?"

"Ji mara kunya! Yaran yanzu ba ta ido." Ta yi dariya. "Rawaya ce, mai kauri. Kana gogewa tana dawowa."

Zayyad ya san wannan kalar, ya taɓa ganinta a wandonsa.

Aikinsa rakiyar shanu ne. In an ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, sai ya hau saman tirela ya bi su Kudu, yana tayar da wadda ta kwanta kada a tattake ta. Wata biyar da suka wuce, a wata tasha da motoci ke ya da zango, ya yi abin da ya yi. Kwana huɗu da dawowarsa fitsari ya koma garwashi, ga wani ruwa kamar mugunya yana ɗiga. Da abin ya ishe shi ya je wani ƙaramin asibiti, ya faɗa wa ma'aikacin, wani Nasrullahi, cewa a masan tasha ya kwaso.

"Bar zancen masai," in ji Nasrullahi. "Ciwon sanyi ne, ƙwayar cuta ce da ke bin saduwa, kai ma ka san inda ka samo. Allura ce maganinsa, amma kai da iyalinka tare, in ba haka ba ku yi ta miƙa wa juna. Mace takan ɗauke shi wata da watanni ba ta ji komai ba. In tana da ciki, ranar haihuwa sai ya shiga idon jariri. Kwana kaɗan yake yi ya cinye ido. Tana da ciki?"

"Wata huɗu."

"To, je ka taho da ita yanzu."

Zayyad ya ce to, ya fita, bai koma ba. Me zai ce mata? Sai ya nufi wurin Sajo, mai tallar magani a bakin kara, kasuwar shanu, wanda ba ya tambayar matar kowa. Sajo ya ƙirga masa kafso ja da baƙi, ya ce a buɗe a zuba a lemo. Zafin ya lafa. Bayan wata guda ya dawo, ya sake shan kafso, ya sake lafawa. Lauratu kuwa ba ta taɓa cewa ko uffan ba, sai ciwon mara jefi-jefi, shi ma mata suka ce nauyin ciki ne. Da haka ya lallashi kansa cewa abin bai kama ta ba.

Yanzu ga shi tsugune a zaure, maganar ta zo har bakinsa. Sai ga mata 'yan barka sun yi sallama, su biyar, suna guɗa suna kiransa angon ƙarni. Ya sunkuyar da kai, ya lallaɓa ya sa takalminsa ya tafi. A hanya yana ta ce wa kansa wataƙila zafin ne. Ai tsohuwa ta ga jarirai sun fi ɗari.

Washegari kasuwa ta cika. Ana loda shanu, ana ihu, shi kuwa igiya na hannunsa amma hankalinsa ba ya wurin. Ya hango Sajo ƙarƙashin lema, ya ƙarasa, ya tambaye shi a hankali ko akwai maganin kumburin idon jariri.

"Akwai mana! Kwana nawa ne? Kai, ko nawa ne ma, wannan zai yi."

Ya zaro wani ɗan kwali da rana ta cinye rubutunsa. Zayyad ya tsaya yana kallon kwalin, yana kallon mutumin da bai ko tambayi yadda idon yake ba. Sai ya jefa wa wani igiyar, ya tayar da babur sai Ɗanzomo.

Gidan ya yi tsit da ya isa. Ba guɗa, ba daka, sai wani siririn kuka daga ciki, mai yankewa yana dawowa. Kyauta ta fito, yau ba ta kira shi mijinta ba.

"Ya kwana?"

"Bai runtsa ba. Mun sa kwalli, mun yi hayaƙi. Sai a bari a yi suna a gani."

"Iya, asibiti za a kai shi. Yau."

"Kwana biyar? Jariri ba ya ƙetare zaure kafin suna, kai ma ka sani. Uwar kuma ɗanyen jiki gare ta."

Ba zai iya faɗa wa surukarsa ba, ko za a yanka shi. Amma kaka abokiyar wasa ce, da ita ake faɗin abin da ba ya faɗuwa. Ya dubi ƙasa.

"Ba zafi ba ne. Ciwon sanyi ne. Ni na kawo shi gida, na sa mata, ita ta sa masa."

"Kai tafi can, ja'iri. Wannan ba abin wasa ba ne."

"Wallahi ba wasa nake yi ba. An gaya mini tun tana da ciki. An ce yana makantarwa."

Tsohuwar ta shiga ciki, ta fito da jaririn a zane, ta buɗe a gabansa.

"To duba. Yau babu kunya."

Fatar idanun ta yi ja ta tashi kamar an cusa goro a ƙarƙashi. Kyauta ta sa yatsa ta ɗan ja, sai mugunya ta ɓulɓulo ta gangara kunne. Daga ciki Baraka ta fara cewa me mutane za su ce. Kyauta ta katse ta.

"Ni na yanke cibinki, ni na yanke nasa. Lauratu, ɗauko mayafinki."

Suka sami mota a bakin titi zuwa asibitin Gumel.

Likitar ta sa aka wanke idanun, aka yi wa jaririn allura, sannan ta haska fitila ta daɗe tana dubawa.

"Yaushe ya fara?"

"Shekaranjiya," in ji Kyauta.

"Na hagu mun same shi da sauransa. Na dama, baƙin idon ya fara gyambo. Irin wannan awa ɗaya ma tana da tasiri. Za mu kwantar da shi, mu yi ta wankewa, amma ban yi muku alkawari a kansa ba." Ta juyo wajen Lauratu. "Ke da maigidanki ku ma za a yi muku allura yau. Ciwon sanyi ne."

Lauratu ta ɗaga kai. A nan ta fara jin sunan abin. Ta dubi likitar, ta dubi kakarta, ta ga tsohuwar ba ta yi mamaki ba.

A kan benci, suna jiran a kira su, ta yi wa Zayyad magana ba tare da ta kalle shi ba.

"Jiya da ka zo, ka sani?"

"Na sani."

Wata nas ta leƙo ta ce lokacin wanki ya yi, uwa ta zo ta riƙe kan. Lauratu ta tashi da ƙyar, tana dafa bango. Zayyad ya bi ta har bakin ƙofa ya tsaya. Daga nan yana hango hannun nas ɗin tana buɗe idon dama, yana hango wani ɗan farin tabo a tsakiyar baƙin, kamar ƙwayar gero.