Saura Kashi Ɗaya

"Yaron nan, yana dawowa ko ba ya dawowa?"

Da wannan Baba Direba ya tare ni ranar Talatar, tun ban rufe baki daga sallama ba. Na shigo ne da wandonsa a hannu, wanda na buɗa wa ƙafa saboda kumburi ya hana shi shiga. Yana kishingiɗe a kujerarsa ta gaban talabijin, an tokare masa baya da filo biyu, ƙafafunsa a kan ɗan benci. An gama wasan kwaikwayon ke nan, sunayen 'yan wasa suna hawa a allo. Rimot ɗin na kan cinyarsa, cikin ledar da ya ɗaure da roba tun ranar da aka sayo shi.

"Baba, ko gaisuwa babu?"

"Mun gaisa jiya. Na san kin kalla har ƙarshe a wayarki. Ki faɗa min."

Ni tela ce. Shekara tara ƙofata na kallon tasu a bene na biyu, kuma tun da ya ajiye tuƙin motar haya ta dogon zango ba shi da aiki sai kallo da gardama da ni. Yana kirana Mai Keke. Idan ƙarar keken ɗinkina ta tsaya da safe, ya san na tashi shan shayi, sai ya ɗaga murya daga ɗakinsa ya fara sukar abin da muka kalla jiya. Shi tuƙi yake dubawa. "Kin ga yadda yake murza sitiyari a miƙaƙƙen titi? Da gaske ne da tuni sun faɗa rami." Ni kuma kaya nake dubawa. An ce mata talaka ce, ba ta da na abinci, amma kowace fita da sabon ɗinki, guga ko karyewa ba ta yi. Matarsa, wadda duk benen ke kira Inna, takan ce mu biyu da za a ba mu kyamara da mun kunyata duniya.

Muna ba juna shawarar abin kallo, kuma ba mu cika yarda da juna ba. Shi mai son fim ɗin bincike ne da na 'yan fashi, ni mai son na gida da iyali, wanda yake kira "wasan kuka". Wannan wasan ma ni na matsa masa. Labarin wani mai gidan burodi ne da ɗansa, wanda suka yi faɗa ya bar gida. Da farko Baba ya ce ba zai ɓata idonsa ba. Bayan mako biyu sai ga shi yana hana kowa tari idan an fara, Talata da Juma'a, ƙarfe biyar na yamma. Ni kuwa ƙanwata takan turo min a waya kafin a saka, don haka kullum nakan riga shi gani.

Akwai kuma wani wasa namu da shi ya ƙirƙiro. Shekara uku da suka wuce ya riga ni kallon wani fim da aka kashe mai otal a ciki, sai ya ce min kuku ne ya yi kisan. Na yi fushi, na kalla ina tsaki, ashe lauya ne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Da na gaya miki gaskiya da na ɓata miki fim," in ji shi. "Ƙarya kuwa gishiri ta ƙara miki."

Daga nan dokar ta zauna. Duk wanda ya riga kallo, idan aka tambaye shi ƙarshe, sai ya shirga ƙarya, ya haɗe fuska. Ya ci ni sau huɗu, ni sau ɗaya tak na taɓa kama shi, kuma abin yana cina. To a ranar Talatar nan saura kashi ɗaya a gama wasan mai gidan burodi, ga shi da bakinsa ya kawo kansa.

"Yau ba wasa nake ba, Mai Keke," ya ce.

Haka muke cewa kullum. Da wannan maganar ya kama ni a fim ɗin mai otal, da ita na kama shi a nawa karon. Na ajiye wandon a hannun kujera, na zauna a bakin tabarma, na yi ajiyar zuciya irin ta mai tausayi.

"Baba, da ka bari ka gani da idonka."

"Juma'a da nisa. Faɗi."

"Ba ya dawowa. Ya shiga mota, har ya iso kwanar layinsu, ya hango hayaƙin gidan burodin. Sai ya ce wa direba ya wuce. Uban yana nan yana duban ƙofa har aka rufe wasan."

Na ji daɗin ƙaryar nan, ba zan ɓoye ba. Har direba na saka a ciki don ta shige shi da kyau. Na jira ya zage ni, ko ya ce marubucin bai san aikinsa ba kamar yadda ya saba. Bai yi ba. Ya dubi allon da ya koma talla, ya shafa ledar rimot da babban yatsa.

"To," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Wanda ya rubuta ya san duniya."

Na fito ina danne dariya. A raina ina cewa ranar Juma'a zan zauna daf da shi in ga yadda fuskarsa za ta yi, domin yaron yana dawowa. Yana shigowa da safe uban na kwaɓa fulawa, ya ajiye jakarsa, ya wanke hannu, ya tsaya kusa da shi ya kama kwaɓi. Ni kaina sai da na yi hawaye a kan wani yadi da nake yankawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san labarin Auta. Duk benen an sani. Auta shi ne ɗansu namiji ɗaya tilo, bayan mata biyu da suke gidajen aurensu. Ya bar karatun da uban ya ɗora masa rai a kai, ya ce shi walda zai koya. Aka yi cacar baki a kan matakala, uban ya ce in ya sauka da jakar nan kada ya sake hawowa, shi kuma ya sauka. Shekara shida ke nan. Inna takan yi waya da shi a ɗakina, da ƙofa a rufe, amma a gidansu ba a kiran sunansa. Duk na san wannan, kuma ni ce na ɗauki wasan uba da ɗa na kai wa tsohon nan. Ni da nake hango ɗinkin da ya karkace daga wancan gefen titi, ban ga abin da ke gabana ba.

Laraba na wuni a kan kayan 'yan makaranta, riga goma sha biyu da za a karɓa da yamma. Na tsayar da keke na sha shayi, ban ji muryarsa ba, sai tari ta bango. Ya faɗo min a rai in leƙa in ce masa wasa nake. Sai na ce a'a, in na faɗa yanzu ai na ci baya, kwana biyu ne kawai.

Alhamis da hantsi Inna ta buga min ƙofa da tafin hannu, ba ko mayafi.

"Mai Keke, zo ki gani, numfashin nan ba na jiya ba ne."

Na same shi a kujerar, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. Wandon da na gyara ne a jikinsa. Na sauka da gudu na kira mai tasi na ƙasan bene, shi da mai shagon kwanar suka ɗauko shi a kujerar roba suka sauko da shi mataki-mataki. Ina riƙe da takalmansa. A bakin mota ya buɗe ido ya dube ni, na sunkuya, na ce, "Baba, sannu." Sannu kawai na ce. Ga bakina, ga kunnensa, kalma biyu ce, yana dawowa, amma ban tuna da wani wasa ba a lokacin. Suka tafi asibiti, kafin la'asar mai tasi ya dawo shi kaɗai, ya tsaya a ƙasan bene ya cire hularsa.

Aka yi jana'izar Baba a ranar. Auta ya kwana a hanya, bai iso ba sai Juma'a da rana. Na gan shi ta taga yana tsaye a gindin matakala da jaka a kafaɗa, ya daɗe kafin ya taka ta farko. Ƙarfe biyar ta yi, daga wani gida a layin baya na jiyo kiɗan buɗe wasan. Na tashi na rufe taga.

A rana ta uku muna wanke kofunan masu gaisuwa a kicin ɗin Inna, ita tana ɗauraya ni ina gogewa, sai ta fara magana ba tare da ta dube ni ba.

"Kin san ranar Talata da safe ya ce in miƙo masa tsohon lasisinsa? Ashe lambar Auta na ciki, a 'yar takarda. Ban san yana da ita ba. Ya ce bari a ga yadda mai burodi zai ƙare da nasa ɗan, shi ma ya kira nasa ya ji ko zai ɗauka."

Na ajiye kofin da ke hannuna.

"Da kika fita da yamma na kawo masa wayar. Ya riƙe, ya riƙe, sai ya mayar da takardar cikin lasisin. Ya ce, 'Bar shi. Ko a talabijin ma ba sa dawowa.'"

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni lokaci guda. Na ce, "Inna, ƙarya na yi masa. Irin wasan nan namu ne. Yaron yana dawowa."

Ta kashe famfo. Ta dube ni, ba fushi a idonta, kuma da ta yi fushin da ya fi min sauƙi.

"Kwana ne ya ƙare, 'yar nan," ta ce. Ta miƙo min wani kofin.

Na yi ta gaya wa kaina cewa shi ya ƙirƙiro wasan, ya san dokarsa, wataƙila daga baya ya gane. Amma na ga yadda ya shafa ledar nan, kuma na san muryarsa idan yana wasa. Magana zarar bunu ce. Na yi kwanaki ban buɗe komai a wayata ba, ƙanwata ta turo sabon wasa har biyu tana tambaya me na gani, ban amsa ba.

Ana gobe Auta zai koma wurin aikinsa, da la'asar, ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Ya yi kama da uban har a tsayuwa, sai dai hannuwansa duk tabon wuta ne.

"Anti, Inna ta ce akwai wasan da Baba yake bi, saura kashi ɗaya bai gani ba. Ta ce yana wayarki."

Na ce yana nan. Kuma tun a bakin ƙofar na gaya masa komai, daga fim ɗin mai otal har zuwa lasisin, domin ba na so ya ji a bakin wani. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya murza tabon da ke bayan hannunsa.

"Ni ma ina da lambarsa, Anti," ya ce. "Shekara shida tana wayata."

Muka shiga ɗakin. An tattare tabarmin masu gaisuwa, an jingine su a bayan ƙofa. Kujerar na nan inda take, filo biyun ba wanda ya taɓa, rimot ɗin a hannun kujera cikin ledarsa. Inna ta zo ta tsaya a ƙofar kicin. Na nuna wa Auta kujerar, ya girgiza kai, ya zauna a ƙasa kusa da ɗan bencin.

Na nemo kashin ƙarshe, na ƙara murya, na jingina wayar da kofin shayin Baba a kan ɗan teburi. Sai da mai burodi ya fara kwaɓa fulawa na lura da yadda na ajiye ta. Na juya ta ne tana fuskantar kujerar. Auta bai gyara ta ba. Ya matsa, ya jingina kafaɗarsa da ƙafar kujerar, ya ɗan karkata kai don ya gani. A cikin wayar ƙofa ta buɗe, yaron ya ajiye jakarsa ya nufi famfo.