Haruffan Malam Gidaɗo a Bakin Birgi

Ana cewa ɗa namiji ne ke riƙe sana'ar ubansa. Wanda ya fara faɗar haka bai haifi Halliru ba.

Mijina, marigayi Malam Gidaɗo, ya bar ƙaramar maɗaba'a a Wudil: inji mai aiki da ƙafa, da akwatunan haruffan dalma, na boko da na ajami, waɗanda ake jerawa ɗai-ɗai da hannu. Da su aka buga littattafan yaƙi da jahilci da na koyar da matan ƙauyen Lajawa. Na riga na yi magana da masu adana kayan tarihi a Kano, sun ce za su aiko mota ta kwashe su.

Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, kuɗi sun hau kan kowa. Da na leƙa shagon, sai na tarar da firji yana gurnani, cike da lemon kwalba, autana Halliru yana kaɗa ƙafa.

"Ina akwatunan babanku?"

"Inna, zamani ya wuce su. Na ba Ɗantani masunci, ya rage mana tarkace."

"Jarida zai buga wa kifi?"

"Dalmar yake so."

Na gangara ƙarƙashin gada. Ɗantani na tsugune gaban kasko, yana zuba haruffa da ludayi kamar mai suyar gyaɗa. In sun narke ya zuba a ramukan yumɓu, in sun huce ya ɗaura a bakin birgi, ragarsa ta kamun kifi, don ta nutse.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Allah Ya ji ƙan Malam. Dalmarsa ko datti babu."

"Na ajamin fa?"

"Da su na fara, sun fi saurin narkewa."

Na tona tokar da sandata, na tsinci abin da bai cika tafin hannu ba, na ƙulle a bakin mayafi. Ɗantani ban ga laifinsa ba, bai taɓa shiga aji ba. Halliru kuwa, da littafin da haruffan nan suka buga na koya masa karatu.

Da la'asar Ɗantani ya aiko da tukwicin kifi, ragon ruwa. Halliru ya sa matarsa ta yi farfesu, ya kawo mini da lemo mai sanyi.

"Inna, taɓa mana. Kamun sabuwar raga ne."

"Ɗauke mini shi daga nan. In motar Kano ta zo, kai za ka fita ka nuna musu kogi."