Tagogin Ginin Bakin Kogi

Tun da aka sa Lorna Pelletier a kwamitin sa ido kan sababbin gine-ginen ƙasa biyu a Ottawa, gidan tarihi da ɗakin karatu, magana ɗaya take nanatawa: a yi wa ginin bakin kogi, wato ɗakin karatun, manyan tagogi. Tsohuwar malamar firamare ce da aka ba kujerar jama'ar gari, ta kuma san yadda duhun hunturu ke gajiyar da idon mai karatu.

Ranar jin ra'ayin jama'a zauren ya cika maƙil, kowa da rigar sanyinsa a cinya. Aka nuna zanen ginin bakin kogi, ga tagogi har ƙasa. Lorna ta ɗaga hannun amincewa tun ba a gama tambaya ba.

Sai wata dattijuwa mai kula da kayan tarihi ta miƙe.

"Ranka ya daɗe shugaba, wa ya ce a sakar wa tsofaffin barguna rana haka? Ai koɗewa za su yi!"

Lorna ta juya wajen Gaspard, ɗan kwamitin da ke gefenta. "Waɗanne barguna kuma? A ɗakin karatu?"

"Haba Malama, ai gidan tarihi ne a bakin kogi. An musanya filayen lokacin kina asibiti."

"To me ya sa ka mara min baya?"

"Na ɗauka kin san abin da ban sani ba."

Shugaban ya buga tebur, ya ce musanyar shawara ce kawai, ba a zartar ba. Mataimakiyarsa ta ce an zartar. Aka juya ga mai zanen. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi duk wanda ya tambaya amsa dabam yake ba shi.

"To mu a kan wanne muka zo?" in ji wani daga baya. Aka ɗage zaman.

Sai da ƙanƙara ta narke aka tsayar da magana: ɗakin karatu ne a bakin kogi. Amma sabon zanen da aka miƙo wa Lorna tagoginsa ƙanana ne, saboda koken dattijuwar nan.

Ta tambaya ko wa ya yanke haka. Shugaban ya nuna mataimakiyarsa, ita kuma ta ce ai shawarar Lorna aka bi, alhali Lorna manyan tagogi ta nema tun farko.

Ta shiga bas kanta a ɗaure, ba ta ankara ba har ta wuce unguwarsu.